Zauren 'Yan Amshi: Yadda Waya Ta Raba Labari Gida Biyu a Gaya da Ajingi

Da an idar da sallar magariba a garin Gaya, rumfar mai cajin waya ce ke fara cika. Janareto na ƙugi a gefe, wayoyi jere a kan katako, kowacce da 'yar takardar lamba manne a bayanta, samari kuma na zaune a benci suna jira. Wanda tasa ta cika ba ya tashi nan take. Sai ya kunna data, ya sunkuyar da kai, saƙonnin da suka taru tun safe su riƙa shigowa bi-da-bi.

Ba a jimawa wani zai ɗago kai ya ce, "Kai, kun ji abin da ya faru?" In aka tambaye shi a ina ya ji, amsar ba ta wuce, "A waya na gani." Kafin a kira isha'i labarin ya isa teburin mai shayi. Kafin a kwanta ya shiga cikin gidaje. Da safe ɗan acaɓa zai ɗauke shi zuwa Kademi ko Shagogo, direba ya sauke shi a Ajingi, daga can ya zarce Toranke da Balare.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, mutum biyu na iya zama a benci ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, amma abin da wayar wannan ke nuna masa ya yi hannun riga da abin da ta wancan ke nuna masa. Kowannensu kuma zai tashi da yaƙinin cewa shi ne ya san gaskiyar magana.

Makon da aka rushe masarauta

Ranar Alhamis 23 ga Mayun 2024 Majalisar Dokokin Jihar Kano ta soke dokar 2019, wadda da ita Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya ɗaga Gaya, Rano, Ƙaraye da Bichi zuwa masarautu masu daraja ta ɗaya. A ranar Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu, ya maido da Muhammadu Sanusi II kan gadon Dabo, ya kuma ba sarakunan da aka sauke sa'o'i 48 su bar fada.

Ga mutumin birni, rigimar ta mutum biyu ce, Sanusi da Sarkin Kano da aka sauke, Aminu Ado Bayero, wanda ya dawo Kano da asubahin Asabar ya sauka a gidan sarki na Nasarawa. Ga mutumin Gaya kuwa abin ya fi haka ciwo. Garin da tarihin baka ke cewa daga cikinsa maƙeran Abagayawa suka tashi suka je Dala neman tama, ya kwana da sarki mai daraja ta ɗaya ya wayi gari babu. Ranar Lahadi matasa suka fito zanga-zanga.

Kotuna ma sun shiga. Babbar Kotun Tarayya a Kano, ƙarƙashin Mai shari'a Abdullahi Liman, ta ba da umarnin dakatar da aiwatar da sabuwar dokar. Babbar Kotun Jiha kuma, ƙarƙashin Mai shari'a Amina Adamu Aliyu, ta hana Aminu Ado da sauran sarakunan huɗu gabatar da kansu a matsayin sarakuna. Umarnin suka riƙa cin karo da juna har sai da Alƙalin Alƙalan Najeriya na lokacin, Olukayode Ariwoola, ya kira shugabannin kotunan biyu su yi bayani.

A nan gizo ke saƙar. Takardun nan duka na gaske ne, da hatimi da sa hannun alƙali. Amma a zaurukan WhatsApp na masu jar hula, magoya bayan Gwamna Abba a lokacin, takardar kotun jiha ce ke yawo, ana bin ta da kabbara da barka. A zaurukan 'yan Gandujiyya da masu kishin masarautar Gaya, ta kotun tarayya ce ke yawo, ana cewa magana ta ƙare. Ba wanda ya ƙirƙiri ƙarya. Kowa dai rabin gaskiya aka miƙa masa, aka ɓoye masa ɗaya rabin. A ganina wannan ya fi ƙanzon kurege haɗari, domin ƙarya ana iya kama ta da hujja, amma wanda ke riƙe da takardar kotu ta gaske ba ya sauraren kowa.

Shi kuwa Sarkin Gaya da aka sauke, Alhaji Aliyu Ibrahim Abdulƙadir, ya fito ya ce ya karɓi lamarin a matsayin ƙaddara daga Allah. Irin wannan magana mai sanyaya zuciya ba ta gudu a waya kamar hoton taya na ci da wuta. A watan Yuli gwamnati ta kafa masarautu uku masu daraja ta biyu, ta maido shi kan kujerarsa, da ƙananan hukumomin Gaya, Ajingi da Albasu a ƙarƙashinsa. Ko wannan ma gida biyu aka karanta shi: wasu suka ce an share wa Gaya hawaye, wasu suka ce an rage mata tsawo ne aka ba ta haƙuri.

Ba wannan ne karon farko ba. A Nuwambar 2023, bayan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da soke zaɓen Abba, takardar hukuncin da aka fitar ta zo da wasu layuka da ke nuna kamar shi aka ba nasara. Kotun ta ce tuntuɓen alƙalami ne. Shafin nan guda ɗaya ya shiga kusan kowace waya a ɓangare guda, ɗaya ɓangaren kuma yana ta yaɗa abin da aka karanta a zauren kotu. Sai a ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta raba gardama ta bar wa Abba kujerarsa.

Daga akwatin rediyo zuwa zaure

Dattawan Gafasa ko Gamarya ba baƙin labaran duniya ba ne. Tun 1957 Sashen Hausa na BBC ke magana da su, daga baya Muryar Jamus da Muryar Amurka da Faransa suka biyo, ga Rediyon Kaduna da Rediyon Kano. Tun kafin nan ma, a 1939, an kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, kuma cikin dalilan kafa ta har da kashe jita-jitar da ke yawo a lokacin cewa Turawan Ingila za su miƙa Najeriya ga Jamus. Wato jita-jita ba waya ce ta haife ta ba.

Bambancin yana wajen yadda ake ji. Akwatin rediyo ɗaya ne a majalisa, kunnuwa goma. Ɗan NEPU da ɗan NPC, daga baya ɗan PRP da ɗan NPN, labari ɗaya suke ji a lokaci ɗaya, sannan su kaure da musu a kan ma'anarsa. Musun kan yi zafi, amma a kan abu ɗaya ake yin sa, kuma ana kallon idon juna.

Ko da Freedom Radio ta zo a 2003, tashoshi masu zaman kansu suka yawaita, sojojin baka suka cika iska da habaici da yarfe, akwai abin da ya rage: a shiri irin Kowane Gauta, in wannan ya gama yabon gwaninsa, mai biye masa zai zo ya kwance masa zani. Mai sauraro, ko yana so ko ba ya so, sai ya ji ɓangare biyu.

A zauren WhatsApp babu wannan tilas. Akwai admin, kuma yana da ikon fitar da duk wanda ya kawo abin da bai yi wa zaure daɗi ba. Sau da yawa ma ba sai an kore ka ba. In ka tambayi inda aka samo labari, mutum biyar za su taso maka, a ce an saye ka, ko a ce kai munafuki ne. Gobe sai ka yi shiru, jibi ka fice da kanka. Waɗanda suka rage duk 'yan amshi ne, ɗaya ya bayar saura su karɓa.

Su ma tsofaffin kafofin sun fara raguwa. A Maris ɗin 2025 Sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi tsit bayan umarnin Shugaba Donald Trump. A watan Mayu na shekarar gwamnatin Kano ta sanar da hana watsa shirye-shiryen siyasa kai tsaye a gidajen rediyo da talabijin, da hujjar daƙile zage-zage. Zagin dai bai mutu ba, a Facebook da TikTok babu mai tace shi.

Wa ke zaɓar maka abin da za ka gani?

Facebook da TikTok da YouTube ba sa jera labari bisa muhimmancinsa. Akwai lissafin kwamfuta a bayansu da ke lura da abin da ka tsaya ka kalla, wanda ka yi wa tsokaci, wanda ka tura wa wani, sai ya ƙaro maka irinsa. Burin kamfani ka daɗe a ciki domin ka ga talla. Abin da ke tsayar da mutum kuwa shi ne abin da ya ba shi haushi ko ya faranta masa rai a kan abokin hamayya. Wani marubuci ɗan Amurka, Eli Pariser, ya yi gargaɗi kan haka tun 2011. A 2018 masu bincike a jami'ar MIT suka nuna cewa a Twitter labarin ƙarya kan isa ga mutane kusan sau shida fiye da saurin na gaskiya, kuma mutane ne ke tura shi, ba na'ura ba.

Sai dai akwai masanan da ke ganin ana zuzuta abin. Wani bincike da aka yi a Ingila a 2018 ya gano cewa kimanin kashi 8 cikin 100 ne kawai ke kulle a irin wannan zaure, saboda yawancin mutane suna haɗa jarida da talabijin da rediyo da intanet.

To amma Ingila ba Ajingi ba ce. Wanda ya sayi data ta kwana ɗaya da kuɗin da ya rage daga cefane ba zai ɓata ta wajen buɗe shafin jarida uku don ya gwada labari ba, balle bayan ƙarin kusan kashi 50 cikin 100 da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya a farkon 2025. Kanun labari zai karanta, ko hoton kanun da wani ya ɗauka ya turo, wanda ba a san ranar da aka buga shi ba.

Ga wanda bai yi boko ba kuwa, saƙon murya ne jaridarsa. Duk wanda ke da waya ya san salonsa: sallama, gyaran murya, sai "'yan'uwa, yanzu-yanzu labari ya ishe mu daga majiya mai tushe", a ƙarshe kuma "don girman Allah duk wanda ya ji ya tura wa 'yan'uwa Musulmi". Babu sunan mai magana, babu gari, babu kwanan wata. Saƙon da aka naɗa kan wani abu da ya faru a wata jiha shekara uku da suka wuce zai iya dawowa yau a ce jiya ne a hanyar Wudil. Abin da ke ba shi ƙarfi shi ne wanda ya turo: kawunka ne, ko malaminku, ko abokin da kuka yi makarantar allo tare. Ƙaryata saƙon kamar ƙaryata shi ne.

Kamfanin WhatsApp ya san da matsalar. A 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma ya mai da saƙon da ya sha yawo, mai alamar kibiya biyu, zuwa wuri ɗaya. Amma wannan bai shafi Xender da Bluetooth ba, bai shafi shagon masu tura finafinai da wa'azi a memori ba, bai kuma shafi baki ba.

'Yan data da ubangidansu

Bayan zaɓen 2019, cibiyar CDD ta Abuja da Jami'ar Birmingham sun fitar da bincike kan rawar da WhatsApp ya taka, kuma Kano na cikin wuraren da suka yi aikin. Sun tarar 'yan siyasa na da zauruka a jere tun daga jiha har mazaɓa, da matasan da aikinsu ke nan su shirya saƙo su watsa. Sun kuma lura cewa abin da aka fara a waya yana tsallakawa zuwa rediyo da bakin mutane, ya isa ga wanda bai taɓa riƙe babbar waya ba.

Waɗannan matasa su ake kira 'yan data. Ba dukansu ne maƙaryata ba, kuma yawancinsu rashin aikin yi ne ya kai su. Amma wanda ake saya wa data ba zai kawo labarin da zai ɓata wa mai saya rai ba.

Illar tana komawa kan ubangidan ma. A zaɓen 2023 Sanata Kabiru Gaya, tsohon gwamna da ya shekara 16 a majalisar dattawa, ya sha kaye a hannun Kawu Sumaila na NNPP, kujerar wakilan Gaya, Ajingi da Albasu ita ma ta suɓuce wa APC. Faɗuwar zaɓe tana da dalilai da yawa. Amma duk ɗan siyasar da ke auna farin jininsa da yabon zauren da shi ke ciyar da shi, ranar ƙidaya ce kawai zai ji muryar sauran jama'a. Magoya bayansa kuma, da suka shafe watanni ba su ga kowa ba sai nasu, da wuya su yarda ba maguɗi aka yi ba. Wannan ya shafi kowace jam'iyya.

Ba siyasa kaɗai ba

Zaurukan addini ma haka suke. Ɗan Izala da ɗan ɗariƙa na iya zama maƙwabta, su yi jana'iza tare, su ci kasuwa ɗaya, amma abin da kowannensu ke gani game da malaman ɗayan shi ne gutsuren daƙiƙa ɗaya da aka yanko daga karatun awa biyu, aka ɗora masa kanu mai zafi, sai raddi, sai raddin raddi. Malamai da dama kan tunatar da ayar Suratul Hujurat da ta yi umarni da bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi, amma wannan tunatarwa ba ta samun masu turawa kamar gutsuren.

A fannin lafiya Kano ta riga ta ɗanɗana. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin yana hana haihuwa, ba a ci gaba ba sai a Yulin 2004, cutar kuma ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. Zargin ya samu gindin zama ne saboda mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kimanin 200 a Kano a 1996 ba, inda 11 suka rasu. A lokacin babu WhatsApp. Bayan ya zo kuwa, a Agustan 2014, dare ɗaya ya ishi saƙon wanka da shan ruwan gishiri don kare kai daga Ebola ya zagaye ƙasar nan, har aka ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a Filato a Yunin 2018. An yaɗa hotuna da bidiyo a Facebook da sunan kisan da aka yi a Gashish. Binciken BBC ya gano cewa ɗaya daga cikin bidiyon daga Kongo-Brazzaville aka ɗauko shi, tun na 2012 ne. Kafin a gane haka an tare hanya an kashe matafiya 11. Yankin da manoma da makiyaya ke zaune tare, kamar Gaya da Ajingi, bai kamata ya ɗauki wannan a matsayin labarin nesa ba.

Masu kare waya suna da hujja

Matasa da yawa ba su yarda waya ce matsalar ba, kuma maganarsu abin dubawa ce. Suna cewa gidan rediyon gwamnati ba ya faɗin laifin gwamnati, mai zaman kansa kuma yana duba fuskar mai biyan kuɗin shiri. Suna kawo misalin bidiyon zargin karɓar dala da Jaafar Jaafar na Daily Nigerian ya fitar a Oktoban 2018, wanda Ganduje ya musanta: ta waya jama'a suka gan shi da idonsu suka yanke wa kansu hukunci. Ta waya ake ɗaukar hoton ajin da rufinsa ya yaye ko gadar da ruwa ya cinye, a kunyata hukuma ta zo ta gyara. Ta waya manomi ke jin farashin riɗi da wake a Dawanau kafin dillali ya yi masa wayo, matar aure kuma ta sayar da turare da atamfa daga ɗakinta.

Hukumomi kuwa sun fi karkata ga sanda. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, an rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, a Kano ma a 2022 kotu ta sa an yi wa wasu 'yan TikTok biyu bulala saboda shaguɓe ga gwamna. Masu kare haƙƙin ɗan Adam na cewa irin wannan doka mai sukar gwamnati take kamawa, mai yi mata ƙarya kuwa ba ta ganin sa. Kama mutum ɗaya kuma yana ƙara wa 'yan zaurensa imani cewa gaskiya ya faɗa.

A tsakiya akwai masu bin diddigi: CITAD a Kano da ta daɗe tana sa ido kan kalaman ƙiyayya, Dubawa, da Alƙalanci mai aiki da Hausa zalla. Aikinsu na da kyau, amma yawanci a rubuce yake, a shafin intanet, alhali ƙaryar da suke bi da murya take tafiya.

Labarin da babu mai kawowa

A ƙidayar 2006 Gaya na da mutum kimanin dubu 200, Ajingi kimanin dubu 170, yau kuwa sun haura haka nesa ba kusa ba. Amma manyan gidajen rediyo da jaridu a birni suke, wakilansu kuma sukan leƙo ne in an yi haɗari a hanyar Dutse, ko ambaliya, ko gwamna ya zo buɗe aiki.

Sakamakon haka, saurayi a Kunkurawa zai iya zayyana maka zarge-zargen da Janar Tchiani na Nijar ya yi wa Najeriya da Faransa a hirarsa ta Hausa a Disambar 2024, da martanin da Nuhu Ribadu ya mayar. Amma tambaye shi nawa aka turo wa ƙaramar hukumarsa daga asusun tarayya a watan jiya, alhali ana wallafa alƙaluman kowane wata, kuma tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Tambaye shi wa aka ba rabon taki a mazaɓarsa, ko malamai nawa ne a firamaren garinsu. A kan waɗannan babu labari, sai yabo daga 'yan data na wannan gefe da zagi daga na wancan.

Nan ne gyara zai fara, kuma ba ya buƙatar sabuwar doka. Gidajen rediyon Kano su ajiye wakilai na dindindin a Gaya da Ajingi, ba sai an yi gobara ba. Masu bin diddigi su riƙa naɗar sakamakonsu da murya, gajere, da suna da kwanan wata, yadda zai shiga zaure kamar yadda ƙarya ke shiga. Sakatariyar ƙananan hukumomin biyu su liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe a inda kowa zai gani. Masarauta kuma, da ke da hakimai da dagatai da masu unguwanni har ƙauyen ƙarshe, ta kira masu riƙe da manyan zaurukan yankin, na kowace jam'iyya da kowace aƙida, ta zaunar da su wuri ɗaya tun kafin gangar zaɓen 2027 ta yi zafi.